Lasifikar Hagu

Ranar da mai shago ya sauke lasifikoki huɗu a ƙofar gidan, ya ce a riƙe su mako guda a gwada kafin a zaɓa, ranar Mai Kunne ya fara zarginsa. Ina aka taɓa yin haka? Kaya masu tsadar tsiya, mutum ya ɗauko su a motarsa, ya shigo da su har ɗaki, ya ce in ba su yi maka ba ka kira shi ya kwashe, kuma duk yana murmushi? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai Kunne ya tsaya a kansa yana kallon yadda yake yanka kwalayen, idonsa a bakin kowane kwali, ko zai ga alamar an taɓa buɗewa an sake liƙewa.

Wannan suna ba a gida ya samo shi ba. Shekara talatin da huɗu ya yi a gidan rediyo, zaune gaban teburin haɗa sauti. Akwai shekarar da ya dage cewa wani siririn ƙugi yana shiga cikin shirye-shirye. Injiniyoyi suka auna da na'urorinsu suka ce babu, ya ce akwai, aka yi kwana tara ana ja-in-ja, daga ƙarshe aka gano wata fitilar silin ce take yi. Tun daga nan ko masinja bai sake kiransa da sunansa na gaskiya ba. Bai tara gidaje ba, bai hau babban muƙami ba, motar kirki ma sai da ya kusa ritaya ya saya. Kunnen nan shi kaɗai ne abin da ya mallaka wanda ba kowa ke da irinsa ba, kuma ya san haka sarai.

Shekara uku da ajiye aiki, kayan sautinsa suna cikin kwali a ƙarƙashin gado, don gidan ba ɗakin da ya yi saura. Ba abin da yake ji sai ɗan rediyon da matarsa ke ajiyewa a kan firji. Da autarsu ta yi aure ta bar gidan, ko sati ba a yi ba ya fitar da gadonta, ya shimfiɗa kafet mai kauri, ya rataya labule mai nauyi a tagar da ke hannun hagu, ya jera faya-fayansa a bangon baya. Ya auna ɗakin da tef, ya zana da alli inda kowace lasifika za ta tsaya da inda ƙafafun kujera za su zauna. Da ya buɗe tsofaffin lasifikokinsa sai ya tarar bakinsu ya ruɓe, yana taɓawa yana marmashewa. Dole a sayi sababbi, kuma ya san su ne na ƙarshe da zai saya a rayuwarsa.

Biyu daga cikin waɗanda aka kawo dogaye ne, baƙaƙe, sirara, sun kai masa ƙirji. Sauran biyun gajeru ne masu faɗi, na jan katako, kowace a kan ƙafar ƙarfe. Mai shagon wani mai tumbi ne da bai wuce arba'in da 'yan kai ba, maganarsa ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri.

"Wanne kake so in ɗauka?" Mai Kunne ya tambaye shi.

"Haba Baba, ni wa? Wanda kunnenka ya zaɓa mana. Mu da muka taso muna jin labarinka?"

"To, na ji."

A ransa kuwa cewa ya yi, ga zaƙin baki an fara. Mutumin da ya ƙi faɗa maka abin da yake so ka saya, shi ne ya fi kowa sanin abin da yake so ka saya.

Yana da faifai guda da yake gwada komai da shi. Wata mawaƙiya ce da abokan aikinta biyu, shi da kansa ya ɗauke su a situdiyo shekara ashirin da suka wuce, shi ya kafa kowane makirfo. Mawaƙiyar a tsakiya take, mai ganga a dama, mai sarewa a hagu. Ana shiga minti na biyu mai sarewa ya gyara zama, kujerarsa ta yi wata 'yar siririyar ƙara, ƙiii. An sa waƙar a rediyo ba adadi, ba wanda ya taɓa lura. Shi kuwa duk lasifikar da ba ta fito masa da ƙarar kujerar nan ba, ko kyauta aka ba shi ba ya so.

Mai shago na tafiya ya jona dogayen, ya rufe ƙofa, ya zauna, ya lumshe ido. Ganga ta shigo daga dama, tas da ita. Mawaƙiya ta buɗe baki, sai ya buɗe ido. Ba a tsakiya take ba. Ta karkata dama, kusan ta jingina da mai ganga. Sarewa kuma tana can a dishe, kamar an lulluɓe mai ita da bargo. Minti na biyu ya zo ya wuce, kujera ba ta yi ƙara ba.

"Na san a rina," ya ce shi kaɗai.

Ya janye dogayen ya jawo gajerun kan zanen alli, yana nishi, don nauyinsu ba na wasa ba ne. Gajerun sun fi taushi, gangar ta fi cika ɗaki. Amma mawaƙiyar tana nan a dama, kujera kuma shiru.

Nan wani tunani ya leƙo masa, kuma gara a faɗe shi tun yanzu, don shi ne ya hana shi sakat duk makon. Lasifika ɗaya tana iya lalacewa. Amma biyu, daga kamfani daban-daban, kuma duk a hagu? In ba daga kayan ba ne, to daga mai sauraro ne. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Sai ya yi maza ya kori tunanin, ya ce ai mayaudari ba ya rasa dabara. Wayoyin da aka jona lasifikokin da su, wa ya kawo? Mai shago. Ƙila da gangan ya saka mai rauni guda a ciki, don gobe ya ce ai sai an sayi wata waya ta musamman. Da ya kai nan sai ya ji hankalinsa ya ɗan kwanta. Ya fi masa sauƙi a ce cutarsa ake yi.

Washegari ya bi abin yadda ya koya wa ƙananan ma'aikata shekara da shekaru: in sauti ya ɓaci a gefe guda, ka sauya abu ɗaya tak, ka saurara, ka gani ko ɓacin ya bi shi. Ya cire wayar hagu ya sa ta dama a madadinta. Ɓacin yana hagu. Ya yi musayar lasifikokin kansu, ta nan ta koma can. Yana hagu. Ya cire amfilifaya, wato na'urar da ke ba lasifika ƙarfi, ya tono wata tsohuwa da yake ajiya, ya kaɗe mata ƙura ya jona. Yana hagu. Ya nemo kwafin waƙar na kaset. Mawaƙiyar nan ko gezau, tana can ta lafe a jikin mai ganga.

Ya mayar da komai yadda yake, ya zauna yana goge gumi. Saura ɗaki ke nan. Ɗaki kuwa ba ya canza kansa, sai in wani ya shiga.

Ya tarar da matarsa a kicin tana yanka albasa. Malama ake ce mata, don ta yi shekara talatin tana koyar da lissafi, kuma har yau in tana magana da mutum sai ya ji kamar jira take ya gyara amsarsa.

"Malama, kin shiga ɗakin nan?"

"Wane ɗaki? Wanda ka kafa wa doka?"

"Kin taɓa labulen?"

"Na share ƙasa ranar da za a kawo kayan. Labulenka kuwa ko kallo bai ishe ni ba."

"An matsar da wani abu. Hagu ba ta fita."

Wuƙar ta tsaya a hannunta. Ba ta daɗe a tsaye ba, amma ya gani.

"In zo in saurara maka?" ta ce, ba ta ɗago ba.

"Ke? Ke da rediyonki ke shiii tun safe, ko a jikinki?"

"To, Allah ya ba da sa'a."

Ta ci gaba da yanka albasarta. Shi kuwa ya fita da tsayawar wuƙar nan a ransa. Shekara talatin da takwas suna tare, ya san Malama ba ta barin magana a ƙasa. Ka ce mata ɗaya ta ba ka uku, da hujja. Yau ya yi mata gori ta ce Allah ya ba da sa'a? Akwai lauje cikin naɗi. Ko ta ture wani abu ya faɗi ta ɓoye, ko kuma tun farko ba ta son sayen nan, tana jira ya gaji ya haƙura.

Ranar nan da wadda ta biyo ta, ɗakin ya ga ta kansa. Ya sauke labulen, ya saurara. Ya mayar, ya ninka shi biyu, ya saurara. Ya jingina katifar auta a bangon dama. Ya fitar da ɗan teburin shayi, ya fitar da agogon bango, har hoton da ke rataye bai tsira ba. Ya sake awo da tef sau uku, duk ukun awon daidai yake. Malama tana wucewa ta ƙofar da kwandon wanki, ta leƙa, ta wuce, ba ta ce uffan ba. Shirun nata ya fi komai ba shi haushi.

Kwana na huɗu ya sa faifan a jaka ya nufi shagon. Layin masu kayan lantarki ne, ɗan tsukuku, kowane shago ya fito da lasifika bakin ƙofa ya ƙure mata murya, waƙa huɗu suna dambe a lokaci guda. Mai Kunne ya bi ta tsakiya yana yamutsa fuska. Shagon da yake nema yana can ƙarshe, ba kiɗa a ƙofarsa. Daga ciki akwai wani ɗan ɗaki mai ƙofa biyu, an manna soso a bango, da doguwar kujera guda, da irin dogayen nan baƙaƙe a tsaye.

"Baba! Da kanka? Ai da ka kira ni."

"Sa wannan."

Mai shago ya karɓi faifan da hannu biyu ya sa. Mai Kunne ya zauna a tsakiyar kujerar daidai, bai ko cire jakar daga kafaɗa ba. Ganga, sarewa, murya. Ta karkata dama.

"Kai ma zauna ka ji," ya ce, ya matsa masa. Da aka ɗan jima ya tambaye shi, "Ina take?"

"Wa, Baba?"

"Mawaƙiyar. A tsakiya kake jin ta ko a gefe?"

Mai shago ya kalli lasifikar hagu, ya kalli ta dama, ya kalli tsohon, ya shafa ƙeya.

"Ɗakin nan namu ba shi da kyau sosai, Baba. Hayaniyar layi tana shigowa."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Ka bar ni in zo gida ranar da mako ya cika. In duba komai da kaina, a tsanake."

Mai gaskiya ba ya shafa ƙeya a kan tambaya mai amsa ɗaya. A hanyar komawa Mai Kunne ya haɗa lissafinsa tsaf. Kayan nan duka masu aibi ne, har na shagon, kuma mutumin ya sani. Abin da yake nema shi ne suna. In aka ji Mai Kunne ya saurara mako guda ya saya, wa zai ƙara tambaya? Shi ya sa aka kai masa har gida, shi ya sa ake ta Baba, Baba. Lissafin ya zauna daram, ba inda ya yi gardama. Abin mamaki, duk da haka bai ji daɗi ba, ya isa gida ya ce da Malama ba ya jin yunwa.

Gaskiyar magana, akwai sauyi guda da bai yi ba, kuma ba mantawa ya yi ba. In an sauya waya, an sauya lasifika, an sauya na'ura, ɓaci bai motsa ba, sai a juya mai sauraron kansa ya ba lasifikoki baya. In ɓacin ya tsallaka ɗaya gefen ɗakin, to a kansa yake ɗauke da shi. Shi ya kawo wannan dabara gidan rediyon, kuma a kan mutum ya fara gwada ta: babban injiniyansu na lokacin, wani dattijo mai furfura da ya yi wata biyu yana sa a canza lasifika guda a situdiyo, ana canzawa yana cewa ba ta yi ba. Mai Kunne yana matashi, jini na tafasa. A gaban ma'aikata shida ya kama kujerar dattijon mai taya ya juya ta. Dattijon ya saurara, ya tashi ya ɗauki hularsa ya fita. Bai ƙara wata uku ba ya ajiye aiki. Shekara da shekaru Mai Kunne yana ba da labarin nan ana dariya. Yanzu kuwa kwana biyu a jere yana shiga ɗakin, ya dafa bayan kujerarsa, ya tsaya, ya sake ta ya fita. Wanzami ba ya son jarfa.

Ranar da mako ya cika, da hantsi, yana tsaye a tagar falo ya hango motar mai shago ta tsaya. Kafin mutumin ya ƙwanƙwasa sai ga Malama ta fita da sauri, ta tare shi a bakin ƙofa. Ita da ba ta san shi ba sai sau ɗaya da ta kawo masa ruwa! Ta yi masa magana, doguwa, hannunta yana nuna ɗakin. Mai shago ya sunkuyar da kai, ya girgiza, ta ƙara magana, ya gyaɗa. Mai Kunne ya ji zuciyarsa ta yi zafi. Mai shago ya cuce shi, wannan kasuwa ce, an saba. Amma da haɗin bakin matarsa? Ya koma ɗakin ya zauna a kujerarsa, ya ƙudura ba zai ce komai ba sai ya ga iya gudun ruwansu.

"Baba, barka da hutawa."

"Yauwa."

"Na kwana ina tunanin abin nan, ina jin na gano inda yake. Bari in leƙa baya."

Dogayen ne a jone. Mai shago ya durƙusa gaban amfilifaya, tumbinsa da bayansa suka rufe ta gaba ɗaya. Ya zura hannu baya, ya cire waya, ya hura mata iska, ya goge da hankici, ya mayar. Ya ɗauki lokaci fiye da yadda aikin ke bukata. Malama ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta a jikin katako.

"Wata mahaɗa ce ta yi sako-sako," ya ce, ya miƙe. "Gwada yanzu, Baba."

Ganga ta shigo daga dama. Mawaƙiya ta buɗe baki, sai ga ta a tsakiya, cak, daidai inda ya tsayar da ita shekara ashirin da suka wuce. Sarewa ta matso kusa. Wani farin ciki ya taso wa Mai Kunne tun daga ciki har maƙogwaro, ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Ashe lafiyarsa lau! Ashe 'yar mahaɗa ce! Saura kaɗan ya miƙe ya rungume mai tumbin nan.

Sai minti na biyu ya zo ya wuce, kujera ba ta yi ƙara ba.

Waƙa ta ci gaba da tafiya. Mahaɗar nan sau huɗu ya cire ta ya mayar da hannunsa, ba ta yi sako-sako ba. Ya ma sauya amfilifayar ɗungurungum, ɓacin bai tafi ba. To yaya goge waya da hankici zai gyara abin da sauya na'ura bai gyara ba? Ya dubi mai shago, mai shago yana duban silin. Ya dubi Malama, tana murmushi, amma murmushin ya riga waƙar isowa, kamar ta san amsar tun kafin a yi tambaya. Sai idonsa ya sauka kan amfilifaya. An jingina kwalin faifan a gabanta, ta gefen dama, shi kuwa ba ya ajiye kwali a nan.

Ya tashi ya ɗauke kwalin. A bayansa akwai ɗan maɓallin da ake murɗawa a raba ƙarfi tsakanin hagu da dama. Yana da farin layi a jiki, kuma a hannun duk wanda ya san aikinsa layin nan a tsaye yake, yana kallon sama. Yanzu ya kwanta hagu, har zane uku.

Ya kashe waƙar.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Baba..."

"Ni za ka yi wa wannan? Ni? Ka ƙara wa hagu ƙarfi ka rufe da kwali, ka ce mini mahaɗa? Abin da ake yi wa 'yan koyo ranar farko?"

"Ni na roƙe shi," Malama ta ce daga bakin ƙofa. "Ya ƙi, na matsa masa. In faɗa za ka yi, ga ni."

"Don me?"

Idonta ya cika, ita da ko a ranar da auta ta bar gidan ba ta yi kuka a gabansa ba. Nan ya gane zarginsa bai faɗi ƙasa ba, da gaske an haɗa masa baki. Sai dai ba don a cuce shi ba. Tausayinsa ake ji, kuma wannan ya fi cuta ciwo.

Ya mayar da farin layin ya tsaya cak. Ya je ya kama kujerarsa ta hannu biyu. Tsohuwar kujera ce mai nauyi, ba ta da taya, ƙafafunta sun nutse a kafet. Mai shago ya yunƙuro zai taimaka.

"Bari," ya ce.

Ya ja, ya murza, ya huta, ya sake ja, har ta juya ta ba lasifikoki baya. Ya zauna yana fuskantar faya-fayansa da ke jere a bango.

"Malama, danna."

Ta shigo ta danna. Ganga ta shigo, amma yanzu ita ce a dishe, can nesa. Mawaƙiya ta buɗe baki, ta bar mai ganga ta tsallaka gefen taga. Sarewa kuwa ta fito tar, har yana jin numfashin mai busa ta tsakanin jimla da jimla. Ya riƙe hannun kujera ya jira. Aka shiga minti na biyu.

Ƙiii.

Tana nan. Duk makon nan tana nan, lasifikar hagu tana ta fito da ita, tana isa kunnen da ba ya karɓa. Mai Kunne bai motsa ba har waƙar ta ƙare. Baƙin ciki ne ya danne shi, da kunya, kunyar ma iri biyu: ta waɗannan da ke tsaye a bayansa, da ta dattijon nan mai hula, wanda ya daɗe da rasuwa, ba halin a je a ba shi haƙuri.

Faifan ya tsaya. Daga waje ana jin wani yana wanke mota, ruwa na zuba a kan siminti.

"Tun yaushe?" ya ce, bai waiwaya ba.

"Shekara biyu," Malama ta ce. "Ko ta ɗan fi."

"Kuma ba ki faɗa mini ba."

"Na faɗa. Sau biyu na faɗa."

"Yaushe? Ni ban..."

"Ta hagunka nake tsaye. Da na ga ko waiwayowa ba ka yi ba, sai na kasa maimaitawa."

Ya gyaɗa kai a hankali. Sai ya miƙa hannu baya, ta matso ta riƙe. Hannun nata yana ƙanshin sabulun wanke-wanke.

Mai shago dai yana tsaye tsakanin dogaye da gajeru, ya rasa inda zai sa kansa. Can ya taho a hankali ya tsuguna a gefen kujerar, ta hagu, ya fara magana da muryar nan tasa ta ƙasa-ƙasa. Mai Kunne ya ji ana magana, amma bai ji abin da ake cewa ba. Ya ga leɓe na motsi, ya ga hannu a ƙirji, ya san haƙuri ake ba shi, alhali shi ya kamata ya bayar. Mutumin nan ya ɗauko kayansa masu kyau ya kawo masa har gida don girmamawa, shi kuma ya yi mako guda yana kiransa ɓarawo a ransa.

Tun da ya fara aiki bai taɓa tambayar wani mahaluki yadda sauti yake ba. Shi ake tambaya.

"Ɗana," ya ce, ya buga hannun kujera na dama. "Zagayo ta nan, wancan gefen ba kowa. Zo ka faɗa mini tsakaninka da Allah, kai da kake da kunne biyu: dogayen ko gajerun?"

Mai shago ya dafa gwiwa ya miƙe, ya zagayo.